Gardama Ta Ci Gonar Hajiya

Kamfanin wasan kwamfuta ya rufe akawun ɗin, gonar Hajiya kuma tana ciki.

Direba ya sake dannawa. Rubutun nan dai ya sake fitowa, ja wur, da hoton kwaɗon ƙofa a samansa. Ba ya jin yaren da aka rubuta shi, amma wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi ba sai an fassara masa ja ba. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya zare wayoyin ya hure su ya mayar. Ya bubbuga akwatin ta gefe, yadda ake lallashin mota da safe. Kwaɗon yana nan, ko gezau.

Sa'arsa ɗaya, matarsa Hajiya ba ta gida. Ta tafi asibiti awon jini, daga can za ta biya gidan ƙanwarta, sai bayan la'asar. Da za ta fita ta leƙo ta ce, "Direban falo, in ka gama yawon duniyar ka mayar min da kujera yadda ka same ta. Yau saniyata za ta haihu."

Ya naɗe akwatin kwamfutar a cikin bargo, ya rungume, ya fita neman bas. Yana shiga wata mata ta matsa masa, ta dubi bargon ta ce Allah ya ba yaron lafiya. Ya ce amin, don addu'a ba a mayar da ita.

Asalin abin, laifin likitan ido ne. Shi ya ƙi sa hannu a sabunta wa Direba lasisi, 'ya'ya kuma suka samu abin da suke nema, suka taru suka raba shi da titi. Mutumin da ya saba kwana a wani gari ya karya kumallo a wani, sai ga shi a falo. Ya gyara famfon da lafiyarsa ƙalau har sai da ya lalace. Ya fara koya wa Hajiya yadda ake jera tukwane. Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aikin ofis a wani gari, ta ga in ba a samar wa tsohon nan abin yi ba, cikin iyayen nata sai an rasa ɗaya. Ta aiko da sitiyari na wasa, da totur da birki da kuloci da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, ta sa masa gem, wato wasan kwamfuta, na tuƙin manyan motoci a cikin akawun ɗin uwarta. Dama Hajiya ta daɗe tana gem ɗin noma a ciki. Kwamfuta ɗaya, akawun ɗaya, kamar ɗaki biyu masu ƙofa guda. Hajiya ta yi noma safe da yamma, Direba ya yi lodi da rana.

Da farko ya ce wasan yara ne. Ba a daɗe ba sai ga shi yana cin abinci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan sitiyari. Abu guda ne ya hana shi jin daɗi: motocin ciki sun cika ladabi. Ka taɓa birki ta tsaya, ka juya ta juya. Ya ce wannan ba tuƙi ba ne, ko akuya aka ɗaure a kujerar za ta kai kaya lafiya. Shi Gardama yake so.

Gardama motarsa ce ta da, gingimari mai dogon hanci, wadda ba ta taɓa yin abu don an ce ta yi ba. Sitiyarinta hagu yake ja. Giya ta uku tsalle take ta fita in an faɗa rami. Birkinta kuwa sai an taka sau uku: na farko sallama ce, na biyu roƙo, a na uku take duba ko za ta amsa. Da ita ya gina gida, da ita ya sa yara makaranta. Ranar da masu yankan ƙarfe suka zo suka raba ta gunduwa-gunduwa, bai ci abinci ba.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san Gardama kamar shi, wato Weji, tsohon karen motarsa. Ya samu sunan ne daga guntun katakon da yake dirowa da shi a guje ya cusa a bayan taya duk lokacin da ta fara komawa baya a kan tudu. Yanzu Weji ya yi furfura, har da jikoki, yana da rumfar gyaran waya da kwamfuta a kasuwa. Shi ya buɗe cikin gem ɗin, ya ɗauki lafiyayyar mota ya dinga lalata ta sannu a hankali, Direba yana gwadawa yana cewa "ƙara," har ta zama Gardama sak. Ham ɗin ma da bakinsa Weji ya yi, ya ɗauka a waya ya sa, don an rasa wani abu mai irin wannan kukan.

Sun daɗe a haka lafiya lau. Sai kamfani ya turo sabon gyara. Direba ya kunna wata rana ya tarar babu Gardama, sai wata farar mota tana ƙyalli tana ba shi shawara da muryar mace. A ranar ya kai wa Weji akwatin ya ce a mayar masa da gem ɗin yadda yake jiya. Weji ya mayar, amma da sharaɗi. Sharaɗin ne yake nuƙurƙusar Direba a cikin bas ɗin nan, har direban bas ya canza giya da ƙara bai ce masa uffan ba.

Ya tarar da Weji da gilashin duba ƙananan abubuwa a goshi, yana ɗiga dalma a cikin wata waya, gawawwakin wasu sun cika kwali a gefensa.

"Maigida! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Buɗe ka gani."

Weji ya warware bargon, ya jona akwatin, ya karanta jan rubutun. Ya ɗaga gilashin ya sake karantawa da idonsa na ainihi.

"Shuɗiyar wayar nan ta intanet," ya ce. "Me na gaya maka?"

"Ka faɗi abubuwa da yawa."

"Abu ɗaya na faɗa. Na ce sabon gyaran nan da mai gadi ya zo. In ka kunna tsohon gem da Gardama a ciki alhali wayar tana jone, mai gadin zai leƙo ya ga an taɓa musu kaya. Na ce kafin ka tuƙa ka zare, in ka gama ka mayar wa Hajiya, tunda gonarta ba ta buɗuwa sai da intanet. Har jan zare na ɗaura maka a jiki."

"Na zare mana. Da farko."

"Daga baya fa?"

"Kai ka san inda wayar nan take? Can bayan tebur, sai na durƙusa, ga gwiwa. Rannan na manta, na tuƙa, ba abin da ya faru. Washegari na bar ta da gangan, ba abin da ya faru. Shingen da ka yi ta wucewa ba kowa, ai ka san ma'aikatan sun tashi."

"Ba su tashi ba, Maigida. A bayan bishiya suke. Kai ka koya min."

Direba ya ja benci ya zauna. "To ni wa na cuta? Ni kaɗai nake tuƙina a cikin ɗakina. Ba tsere nake da ɗan kowa ba. In mutum ya sayi mota ya cire mata ƙofa, ina ruwan wanda ya ƙera ta?"

"Da a nan ka tsaya, wataƙila da sun kau da kai." Weji ya ɗauko wayarsa yana lalube. "Jiya a cikin gem ka sauko gangaren dutsen nan mai kwana-kwana?"

Nan take fuskar Direba ta washe. Ya manta abin da ya kawo shi.

"Da lodin siminti! Tun daga kwanar farko na taka, sallama. Na sake takawa, roƙo. Na taka na uku, ta ce ba ta nan. Giya kuma ta yi tsalle ta fita. Ka tuna ranar da muka sauko da albasa, kana riƙe da ƙofa kana kiran sunan uwarka?"

"Salati nake."

"Sunan uwarka kake kira. To irin wannan. Na rabu da birki na kama sitiyari. Ina shiga kwana ina fita, bodi yana gogar dutse, wuta tana tashi. Weji, ko buhu ɗaya ban zubar ba."

"Na gani. Duniya ma ta gani." Ya juyo masa da wayar. "In wayar tana jone, duk wanda ya sauko gangaren nan gem ɗin yana aika wa kamfani lokacin da ya yi. Ga allon gwanaye. Kai ne a sama. Na biyun wani ne da ya daɗe yana neman wurin nan, ka ba shi rata kamar a ƙafa yake. Shi ya kai ƙara. Suka duba suka ce babu motarsu da za ta yi wannan gudun a gangara, don duk motocinsu suna da birki."

"Ni ne a sama?"

"Kai ne."

"A garin nan?"

"A duniya."

Direba ya gyara zaman hula. Ya yi ƙoƙarin ɓata rai, fuskar ta ƙi ba shi haɗin kai.

"Kar ka yi saurin murna," in ji Weji. "Dubi sunan."

Direba ya kanne ido ya matso. Sunan akawun ɗin ne, wanda Auta ta sa tun farko: Hajiya Mai Shanu. An ja layi a kansa, ga wata 'yar kalma a gefe.

"Wannan fa me take cewa?"

"Mai maguɗi."

Murmushin ya sauka. Hajiyar da ko allura ta tsinta sai ta zaga maƙwabta tana cigiya. Ga shi tana da ƙawaye a cikin gem ɗin, matan wasu ƙasashe masu gonaki kusa da tata, ba ta jin yarensu ba sa jin nata, amma kullum suna musayar iri suna gaisawa da hoton fure. Duk sun gani ke nan.

"To gonar ai tana cikin akwatin nan. Ciro ta."

"Ba ta ciki. Gonar tana can wurinsu. Akwatin taga ce kawai da ake leƙa ta, sun kuma rufe tagar."

"Wa za a gani?"

"Ba kowa."

"Kai, na yi yawo ƙasa-ƙasa, ban taɓa ganin ofishin da ba shi da ƙofar baya ba."

"Akwai dai wurin rubuta koke."

"Rubuta." Direba ya miƙe tsaye, ya goya hannu a baya kamar yana gaban babban ma'aikaci. "Ka ce ina gaisuwa. Ka tambayi iyali."

"Maigida, ba a..."

"Ba a roƙo ba gaisuwa. Rubuta. Ka ce mai maguɗi ƙara wa motarsa ƙarfi yake yi, ni rage wa tawa na yi. Ka ce in akwai namiji a ofishin nasu ya zo ya zauna a cikin Gardama ya sauko da ita ko rabin gangaren. In ya iya, na yarda ni ɓarawo ne."

"Wannan ba roƙo ba ne, takala ce."

"To goge namijin." Ya koma kan benci. "Ka ce matar da sunanta yake jiki ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ka ce saniyarta yau za ta haihu."

Weji ya rubuta, ya aika. Bai gama ɗauke yatsa ba amsa ta faɗo.

"Sun ce sun duba kokenka da kyau. Hukuncin yana nan, kuma ba a sakewa."

"Da kyau? Yaushe? Ko gaisuwar bai gama karantawa ba!"

"Inji ne."

"Inji ya kama ni, inji ya yanke min hukunci, inji kuma ya ji ɗaukaka ƙara?"

"Shi ɗin dai."

"Gara ma'aikatan hanya," in ji Direba. "Su ko ba komai suna duba furfura."

Da ya rasa tudun dafawa sai ya kira Auta. Ta saurara har ya kai wurin allon gwanaye, ta fashe da dariya, yana jin tana bubbuga tebur a ofis.

"Baba, a duniya? Da sunan Mama?"

"Ki gama dariyar, sannan ki gaya min yadda za a fito da gonar."

Dariyar ta yanke. "Au, har da gonar?"

"Ƙofa ɗaya ce, in ji Weji."

Ta sassauta murya. "Baba, ka san abin da ke cikin gonar nan kuwa?"

"Shanu da kabeji."

"Ka taɓa tsayawa ka kalle ta?"

"Lokacin da take noma ni barci nake, na kwaso gajiyar hanya."

"Hanyar falo? To ni dai zan buɗe mata sabon akawun yanzu, in sake sa mata gem ɗin. Amma daga dawa za ta fara, duwatsu da kututture. Kuma ba ni zan gaya mata ba. Kai ka ɗauko lodin nan, kai za ka sauke."

Ya ajiye wayar. Weji yana ta sosa ƙeya, irin sosawar da yake yi a da in taya ta fashe kuma ya manta safaya a gareji.

"Faɗi," in ji Direba.

"Hanya biyu ce, akwatin kuma ɗaya. In ka yarda ba zai sake ganin intanet ba har abada, zan iya tayar maka da Gardama, ka yi ta tuƙinka ba mai leƙo ka. Amma ba gona. In kuwa sabon akawun za a sa, sai na wanke akwatin tas. Mai gadin ya shinshino ko ham ɗinta ne, wannan ma rufewa za su yi."

Direba ya dubi akwatin. Sau ɗaya ya taɓa tsayawa yana kallo aka yanka Gardama, kuma ya ɗauka an gama.

"Tayar da ita tukuna," ya ce. "In yi tunani."

Maganar gaskiya, ba tunanin da ya yi a hanyar komawa sai na ƙarya. Ya gwada cewa intanet ya lalace a duk ƙasar, ya ga ba za ta kwana ba. Ya gwada cewa kamfanin ya karye. A ƙarshe ya tsaya a kan ambaliya: ruwa ya zo a cikin gem ɗin ya share gonakin kowa da kowa, ba tata kaɗai ba. Manomi ba ya jayayya da ruwa. Ya maimaita ta a ransa har ta yi santsi, ya sauka daga bas yana jin kamar ya wuce shinge.

Yana tura ƙofa ya ga takalmanta. Hajiya tana zaune a gaban teburin da babu komai a kansa sai sitiyari da wayoyi suna reto, ko mayafi ba ta cire ba.

"A'a, kin dawo da wuri."

"Na fasa biyawa."

Ya ajiye akwatin a hankali. Ya gyara murya. "Hajiya, kin san sha'anin noma. Wata shekara fari, wata shekara ambaliya..."

"Wata shekara kuma gingimari ta faɗo cikin gona."

Ambaliyar ta ƙafe a bakinsa.

"Saƙo suka turo min a waya," ta ce. "Na ba ma'aikaciyar asibiti ta karanta min, tana cikin awona. Sai da ta kwance abin awon jinin ta sake ɗaurawa, ta ce injin ne ya samu matsala. Ta ce, 'Mama, dama tsere kike yi?' Na ce ni ma yau na ji. Ashe duk duniya ba mai gudu kamata."

"Ai kuskure ne, wayar nan..."

"Mai jan zare. Na sani. Ni nake share bayan teburin."

Da ta yi faɗa da ya ji sauƙi. Ya saba da faɗanta kamar yadda ya saba da ramukan hanya, ya san inda zai kauce. Amma ba ta ɗaga murya ba. Ta matsar da wayoyin gefe, ta sa yatsa a kan teburin ta fara zane.

"Ƙofa a nan. In ka shiga, hanya ta karkace ta yi nan, don akwai suri. Rijiya a gabas. Tsamiya a bayanta. Gem ɗin ba shi da tsamiya, sai na dasa wani itace mai kama da ita na haƙura. Turken shanu a nan. Wannan lungun kuma," ta zagaye wani wuri da yatsa, "da kake min tsiya wai na bar fili a banza, nan Babanmu yake shimfiɗa tabarma in rana ta take. Kullum gem ɗin sai ya tambaye ni ko zan shuka wani abu a wurin. Kullum sai in ce a'a."

Direba ya dubi teburin. Ba komai a kai sai sawun yatsa, amma ya ga wurin. Gonar surukinsa ce, wadda 'yan'uwanta suka sayar bayan rasuwar tsohon. An daɗe da malale ta da siminti, ta zama wurin kwanan manyan motoci. Shi kansa ya sha yin fakin a wurin.

"Ban sani ba," ya ce.

"Da ka taɓa juyowa ka duba da ka gane. A bakin rijiyar nan ka fara tsayawa, kana neman ruwan lagireto, motarka tana tafasa a bakin hanya. Ni na ja maka guga." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Motar nan dai tun ranar farko gonarmu ta nufa. Yau ta iso."

"Saniyar fa?"

"Tana can da cikinta. Sai dai su karɓi haihuwar."

Ta tashi, ta cire mayafin ta ninke. "Jona abinka ka yi tuƙi. Ni na gaji, zan ɗan kishingiɗa."

Bai gaya mata maganar hanya biyu ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya jona akwatin, ya bar shuɗiyar wayar a ƙasa. Gardama ta fito, da dogon hancinta da ƙofarta ɗaure da igiya. Ya murza makulli ta yi tari, ta yi gardamar da ta saba, sannan ta kama. Sitiyarin ya fara rawa a hannunsa. Ya danna ham, muryar Weji ta cika falon kamar an taka wutsiyar jaki.

Ya daɗe a zaune, inji yana aiki, bai sa giya ba. Can ya taka birki. Ya sake takawa. A na uku ta kama, ranar da ba a bukata.

Ya kashe, ya zare wayoyin, ya sake naɗe akwatin a bargo.

"Ina kuma za ka?" in ji Hajiya daga ɗaki.

"Wurin masu yankan ƙarfe."

Ta ce, "Ka dawo min da bargona."

Sabuwar gonar dawa ce ta gaske, kamar yadda Auta ta faɗa: duwatsu, kututture, da ƙaya har bakin rafi. Hajiya ta ce wuyan hannunta ya share wannan dajin sau ɗaya, ba zai sake ba. Sai Weji ya gano cewa taraktar cikin gem ɗin tana karɓar sitiyari, ya kuma faɗa a gaban Hajiya, abin da Direba bai yafe masa ba har yau. Lambar sirrin akawun tana hannunta. Ba mota a cikinsa, ko keke, sai ranar da itacen nan mai kama da tsamiya ya yi inuwa. An ce a gem ɗin ma itace ba ya sauri.

Don haka kowace safiya Direba yana zaune a gaban sitiyari, Hajiya a bayansa da kofin shayi tana nuni da cokali.

"Hagu. Na ce hagu, ba nan rijiyar take ba. Wai kai ne gwanin duniya?"

"Abin nan ba ya tafiya, Hajiya. Totur ɗin a ƙasa yake."

"Ina kake sauri? Ba siminti ka ɗauko ba."

Ya iso wani lungu kusa da inda za a haƙa rijiyar. Rubutu ya fito yana tambaya ko za a nome wurin. Bai jira ta yi magana ba, ya karya kan taraktar ya zagaye shi. Ƙafarsa ta taka birki don ya daidaita kwanar, kafin ya kai ga na biyu har ta tsaya cak, ba musu ba gardama. Ya yi tsaki ya sake jan ta.

Daga bayansa wata kaza ta fito, cikin kajin da gem yake ba sabon manomi kyauta. Ta biyo gefen kunya tana tsince-tsince, ta jera da shi, ta ɗan dube shi, ta wuce.